Dakta James Kwegyir Aggrey (1875–1927): Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse

Kowace shekara, idan sakamakon jarrabawa ya fito, mukan ga wasu daga cikin ɗalibanmu da suka gama aji shida sun dawo da baƙin ciki. Sun ci jarrabawa, amma sunansu bai fito a babbar jami'ar da suka sa rai ba, sai a wata ƙaramar kwaleji wadda ba kowa ya san ta ba. Wasu har sukan ce gara su zauna gida su jira baɗi. Iyaye ma sukan ji nauyin faɗa wa maƙwabta inda ɗansu ya samu gurbi. Saboda irin waɗannan ɗalibai da iyayensu ne muka ga ya dace a bana mu kawo tarihin wani malami ɗan Afirka wanda ya yi karatunsa a wata ƙaramar kwaleji ta ikkilisiya, amma sunansa ya zagaya nahiyar nan tamu. Sunansa James Emman Kwegyir Aggrey.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Aggrey ranar 18 ga Oktoba, 1875, a garin Anomabo da ke bakin teku a ƙasar Gwalkwas, wadda yanzu muke kira Gana. Ƙasar ba baƙuwa ba ce ga Hausawa, domin can ne fatakenmu na dā suke bin hanyar Gwanja su sayo goro. Shi Bafante ne. Mahaifinsa, Kodwo Kwegyir, mai magana da yawun sarkin Anomabo ne, kuma gwani ne wajen gane zinariya mai kyau da awon ta. Bai yi karatun boko ba, amma a fada an san shi da iya magana da sasanta mutane. Wannan baiwa ce ɗan ya gada.

An yi wa Aggrey baftisma a 1883, ya shiga makarantar mishan ta Metodis a garin Cape Coast. Wani mai mishan, Rabaran Dennis Kemp, ya ɗauke shi ya zauna a gidansa tare da wasu yara. A can ya koyi tashi da asuba, da share gida, da riƙe lokaci, tare da karatu. Yana da kimanin shekara 15 aka tura shi wani ƙauye mai suna Abura Dunkwa ya koyar da yara shi kaɗai. Daga baya ya koma Cape Coast, ya yi ta hawa har ya zama hedimastan makarantar Metodis ta garin. Ban da koyarwa, ya koyi jera haruffa a ɗakin ɗab'i.

Hedimasta ya koma benci

A wancan zamani, saurayin da ya zama hedimasta bai cika shekara 23 ba, ai ya kai inda mutane da yawa suke mafarki. Yana da albashi, yana da girma a gari, ana gaishe shi a hanya. Amma Aggrey ya san abin da ya sani kaɗan ne, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ana nan sai Bishop John Bryan Small na ikkilisiyar A.M.E. Zion ya zo Gwalkwas yana neman samarin da za a kai Amurka a horar da su. Wannan ikkilisiya reshe ce ta Metodis. Baƙaƙen fatar birnin Niyok ne suka fara ta a 1796, bayan sun gaji da wariyar da ake nuna musu a cikin majami'a. Aggrey ya amsa kiran. A watan Yuli na 1898 ya ajiye kujerar hedimasta ya shiga jirgin ruwa, domin ya je ya zauna a benci kamar kowane ɗalibi.

Kwalejin Livingstone

Inda aka kai shi ba ɗaya ba ce daga cikin manyan jami'o'in Amurka. Kwalejin Livingstone ce, a garin Salisbury na jihar Karolina ta Arewa. Ikkilisiyar ce ta kafa ta a 1879 a garin Concord, shekara 14 kawai bayan an soke bauta a Amurka, domin 'ya'yan waɗanda aka 'yanta. Rashin kuɗi ya durƙusar da ita, sai wani matashin fasto, Joseph Charles Price, ya tafi Ingila a 1881 ya yi ta jawabi yana tara gudummawa. Da kuɗin aka sake buɗe ta a Salisbury a 1882, da malamai da ɗalibai 'yan kaɗan. A 1887 aka sa mata sunan David Livingstone, mai mishan ɗin nan da ya rasu a Afirka. Lokacin da Aggrey ya isa, shugabanta William Goler ne, mutumin da ya fara rayuwa a matsayin magini kafin ya zama fasto da malami.

Kwalejin ba ta gwamnati ba ce. Da baikon talakawan ikkilisiya da taimakon masu alheri take tafiya. Ga kuma dokokin wariyar launin fata da suka cika kudancin Amurka a lokacin: baƙin mutum yana da taragonsa daban a jirgin ƙasa, makarantarsa daban, har wurin cin abincinsa daban. Ɗan fada daga Anomabo, wanda ya saba da girmamawa, dole ya haɗiye wannan duka.

To, mene ne ya samu a wurin? Ya kamata mu fahimci irin wannan kwaleji, domin tsarinta ya bambanta da wanda muka saba. A wurinmu, tun ranar cike takardar jarrabawa ɗalibi yake zaɓen fanni ɗaya, ko likitanci, ko lauya, ko injiniya. A can kuwa ana fara buɗe wa ɗalibi ƙofofi da yawa tsawon shekara huɗu kafin ya kama sana'a. Aggrey ya karanta Girkanci da Latin, da adabin Turanci, da ilimin sinadarai da sauran kimiyya, da ilimin tattalin arziki da na siyasa, da ilimin tsara hujja, tare da Littafi Mai Tsarki. Manufar ita ce a fitar da mutum mai iya tunani, mai iya rubutu, mai iya tsayawa gaban jama'a ya yi bayani.

Ƙanƙantar makarantar ma ta zama riba. Inda ɗalibai ba su da yawa, malami ya san kowa da sunansa, ya san wanda ya yi aikin gida da wanda bai yi ba. Ba wanda zai ɓuya a bayan aji. Ana sujada tare, ana muhawara tare. A irin wannan wuri ne bakin Aggrey ya ƙara gogewa, har ya zama ɗaya daga cikin masu jawabin da aka fi so a saurara a zamaninsa. Ya sami digirinsa na farko a 1902 da sakamako mai kyau ƙwarai.

Shekara 20 a ƙaramin gari

An yi niyyar ya koma gida da zarar ya gama, amma kwalejin ta riƙe shi ya koyar. An naɗa shi fasto a 1903. A 1905 ya auri Rose Douglass, malama 'yar jihar Bajiniya, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. A 1912 ya sami digiri na biyu a Livingstone, da digirin tauhidi daga makarantar horon fastoci ta Hood da ke tare da ita. Ban da koyarwa, ya riƙe rajista da lissafin kuɗin kwalejin.

Daga 1914 aka ba shi kula da wasu ƙananan majami'u biyu na karkara, Miller's Chapel da Sandy Ridge. Membobinsu talakawan manoma ne, da yawansu ba su iya karatu ba. A nan malamin Girkanci ya gane cewa wa'azin da bai taɓa gona da tukunya ba, bai isa ba. Ya riƙa yi musu magana a kan tanadi, da kiwon kaji, da mallakar gona, da sa yara a makaranta. Wanda ya san manomanmu na Fakku da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe zai gane cewa damuwar manomi iri ɗaya ce a ko'ina: bashi, da tsadar taki, da sayar da amfani a arha tun kaka.

Ba kullum abubuwa suka tafi masa daidai ba. Da Goler ya sauka a 1917, Aggrey yana cikin waɗanda aka sa ran za su gaje shi, amma aka ba wani. Bai yi fushi ya watsar da aiki ba. Ya ci gaba da koyarwa, yana zuwa Jami'ar Kolambiya da ke Niyok neman ƙarin ilimi, inda ya sami wani digiri na biyu a 1922. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Dawowa Afirka

A 1920 Asusun Phelps-Stokes ya kafa kwamiti ƙarƙashin Thomas Jesse Jones domin ya duba makarantun Afirka. Aggrey ne kaɗai ɗan Afirka a cikinsa. Bayan shekara 22 a waje, ya sake taka ƙasar haihuwarsa. Kwamitin ya bi Saliyo, Laberiya, Gwalkwas, Nijeriya, Kamaru, Kwango, Angola da Afirka ta Kudu. A 1924 ya sake shiga kwamiti na biyu da ya zagaya gabashin Afirka. Duk inda ya sauka, jama'a sukan cika wuri don su ga baƙin mutum yana zaune daidai da Turawa, yana kuma fin su iya magana.

Da misalai yake koyarwa. Yakan ba da labarin ɗan gaggafa da aka rena cikin kaji har ya ɗauka shi ma kaza ne, sai ranar da aka kai shi kan dutse aka fuskantar da shi rana, ya buɗe fukafukai ya tashi. Yakan kuma kawo misalin fiyano, cewa maɓallai farare kaɗai ko baƙaƙe kaɗai ba sa ba da cikakken kiɗa, sai an haɗa su. Ya nace cewa dole ilimi ya shafi kai da hannu da zuciya.

Gaskiya ne ba kowa ya yarda da shi ba. Wasu 'yan boko na Afirka sun ga rahotannin kwamitin sun karkata ga koyar da noma da sana'ar hannu kawai, suka ji tsoron a bar baƙin mutum a matsayin lebura har abada. Wasu kuma sun ga Aggrey ya cika haƙuri da Turawan mulki. Amma makarantar da ya taimaka aka kafa ta nuna inda zuciyarsa take. A 1924 ya koma Gwalkwas ya haɗu da Gwamna Gordon Guggisberg da Rabaran Alexander Fraser wajen kafa Kwalejin Achimota kusa da Akra, shi ne mataimakin shugaba. A can an haɗa gona da ɗakin gwaje-gwaje, an haɗa harsunan gida da Turanci. Ya kuma tsaya kai da fata a kan a ɗauki 'yan mata tare da maza, domin ya gaskata cewa ilimin mace yakan ratsa gida gaba ɗaya. Har yau alamar makarantar maɓallan fiyano ne, baƙi da fari.

An buɗe Achimota ranar 28 ga Janairu, 1927. Bayan 'yan watanni ya tafi Amurka hutu domin ya ga iyalinsa ya kuma kammala rubutun digirinsa na uku a Kolambiya. Ciwon sanƙarau ya kama shi a Niyok, ya rasu ranar 30 ga Yuli, 1927, yana da shekara 51. An binne shi a Salisbury, garin ƙaramar kwalejinsa.

Abin da ya bari

Wani yaro da aka haifa a Zungeru a 1904, wanda ya tashi da Hausa a bakinsa, ya saurari Aggrey sa'ad da yake ɗalibi a makarantar Metodis ta maza a Legas. Ya ƙudura shi ma sai ya je Amurka karatu, ya kuma tafi a 1925. Shi ne Nnamdi Azikiwe, wanda ya zama shugaban Nijeriya a 1963. Kwame Nkrumah na Gana ma ya shaida cewa Aggrey ya yi masa tasiri tun yana koyon aikin malanta. Alvan Ikoku, wanda hotonsa yake jikin naira 10, ya kafa makarantar sakandare a Arochukwu a 1932 ya sa mata sunan Aggrey. Autansa, Orison Rudolph Aggrey, ya zama jakadan Amurka a Sanagal da Gambiya, daga baya kuma a Romaniya.

Darasi gare mu

Ba muna cewa babbar jami'a ba ta da amfani ba. Aggrey da kansa ya je Kolambiya daga baya. Amma ya isa can ne da harsashin da aka kafa masa a Livingstone. Ya ku ɗalibanmu, idan ƙofar da ta buɗu muku ta ƙaramar kwaleji ce, ku fara tabbatar da cewa hukuma ta amince da ita da kuma kwas ɗin da za ku yi, sa'an nan ku shiga da ƙwazo. Ku kusanci malamanku. Ku karanta abin da ya wuce fanninku: mai kimiyya ya san tarihi, mai adabi kada ya guji lissafi. Kada ku rena fartanya don kun riƙe alƙalami.

Ku kuma iyaye da membobin ikkilisiya, mu tuna cewa da baikon talakawa aka riƙe kwalejin da ta fitar da wannan bawan Allah, kuma shi ne ya yi faɗa domin 'yan mata su shiga aji. Kada mu cire 'ya'yanmu mata daga makaranta don mu biya wa maza. Allah ya ba ɗalibanmu masu fita zuciyar neman sani da tawali'u irin na Aggrey, ya kuma sa su dawo su amfani garuruwansu. Amin.