Labarin Alhaji Abubakar Imam da Yadda Ya Riƙi Lokaci

Duk wanda ya bi hanyar Gaskiya cikin Tudun Wada ta Zariya, ya wuce ta gaban tsohon ginin Kamfanin Gaskiya, ya kamata ya san akwai wani mutum da ya ƙare ƙuruciyarsa a wannan wuri yana tsere da kwanaki. Wannan mutum shi ne Alhaji Abubakar Imam, Allah ya ji ƙansa. Galibin 'yan makaranta sun san shi ta wajen littattafansa, sun yi dariya da labaran Aku, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi kansu cikin kwana nawa aka rubuta su, da irin matsin da a ke ciki sa'ad da a ke rubutawa. Wannan shi ne abin da mu ke so mu duba.

An haife shi a Kagara, cikin ƙasar da ta ke Jihar Neja a yau, a shekarar 1911. Gidansu gidan malanta ne da alƙalanci, saboda haka da allo ya fara. Wansa, Malam Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki, yana koyarwa a Katsina, shi ne sanadin zuwansa can. Ya shiga makarantar lardi, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fita a 1932, aka ba shi aikin koyar da Ingilishi a Makarantar Midil ta Katsina. Kwalejin nan ita ce aka mayar Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda daga baya aka sa mata suna Barewa.

Kafin mu ci gaba, sai mu tuna yadda mutanenmu su ke lissafin yini a wancan zamani. Bahaushe ba ya rasa sunan lokaci. Yana da asuba da hantsi da walaha, yana da azahar da la'asar da almuru da lisha, kuma duk mai tsare salla ya san ba a ɗaga ta zuwa gobe. Amma ma'aunin nan mai faɗi ne. In mutum ya ce zai zo da hantsi, ya zo rana ta ɗan ɗaga, ba wanda zai ce ya saɓa alkawari. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da watanni su ke lissafi, manomi kuwa da damina da kaka. Da Turawa suka zo da agogo da ƙararrawar makaranta da jirgin ƙasa, sai yini ya tsattsage ya zama awa da minti. Imam yana cikin samarin farko da suka tashi da ma'auni biyun nan gaba ɗaya, na masallaci da na agogo, kuma aikin da ya faɗo masa daga baya ba ya yiwuwa sai ga wanda ya iya su duka.

A 1933 Dakta R. M. East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, wadda aka juya sunanta Hukumar Talifi, ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Imam yana ɗan shekara 22, da aji a hannunsa da littattafan yara na gyarawa, ya rubuta Ruwan Bagaja. Littafin ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa, tare da Ganɗoki na wansa, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. Malamai da yawa sun ji labarin gasar nan, kuma ba shakka cikinsu akwai masu hikima da iya zance. Waɗanda suka gama rubutu suka aika su ne aka san sunansu. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

To, ga inda labarin ya fi daɗi. A 1936 Dakta East ya roƙi aron Imam daga Katsina, aka ba shi, amma na wata shida kaɗai, gama makarantarsa tana bukatarsa. Abin da a ke nema shi ne littattafan karatu na 'yan makaranta, waɗanda za su sa yaro ya so karatu don daɗinsa. Cikin wata shidan nan ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, masu labaru wajen tamanin. Mai karatu ya ɗauki alli ya yi lissafi da kansa. Wata shida mako 26 ne. Watau ke nan ko wane mako sai an gama labari uku, ko fiye, ba fashi, har da ƙirƙiro babban labarin da ya ɗaure su duka, na Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da mugun Waziri da Aku. Mako ɗaya in ya tafi a banza, bashin labari uku ya hau kan na gaba.

Yaya aka yi haka ta yiwu? Abu na farko, ba a fara aikin da hannu wofi ba. Dakta East ya riga ya tara littattafan labaru na ƙasashe dabam dabam, na Larabawa irin su Dare Dubu da Ɗaya, da na Hindu, da tatsuniyoyin Jamus, da waɗansu na sauran ƙasashen Turai. Saboda haka Imam bai ɓata kwanakinsa wajen neman itace ba, ya tarad da shi a tare, nasa sassaƙa ne. Sassaƙar kuwa ita ce aikin, domin ya mai da ko wane labari ɗan gida, ya sa masa riga da rawani, har mai karatu ya rantse a Katsina ko Kano abin ya faru. Abu na biyu, an raba aiki. Ɗaya yana rubutu, ɗaya yana dubawa yana gyara, ba wanda ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa ya gama duka kafin shi ya fara. Ni a ganina akwai na uku, shi ne sanin ranar komawa. Da an ce masa ya zauna Zariya har ran da ya gama, wa ya sani ko da shekara biyu ta wuce ana nan ana gyaran littafi na ɗaya. Iyakar nan da aka yanka masa ita ta hana aikin yin barci. Ya koma Katsina ya ci gaba da koyarwa, littattafan suka fito tsakanin 1937 da 1939.

Ba a daɗe ba aka sake nemansa. A shekarar 1938 jita-jita ta cika Arewa, wai Ingila za ta ba Hitila na Jamus ƙasar Nijeriya don a zauna lafiya. Gwamnati ta ga ba ta da bakin da za ta yi wa talakawa magana da shi cikin harshensu, sai aka shirya kafa jarida. Imam ya dawo Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, aka naɗa shi Editan Hausa. A watan Janairu 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, sau ɗaya a wata da fari, ana sayad da ita kwabo guda.

Aikin jarida ciniki ne, kuma hajarsa ta fi tumatir saurin lalacewa. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Ashe sai an sayad da jarida 240 kafin fam guda ya shigo. Littafi in bai sayu bana ba ya sayu baɗi, amma jaridar da ta makara ba ta da amfani sai ga mai ƙosai. Ga shi kuwa matakan da ta ke bi kafin ta kai hannun mai saye suna da yawa, ko wane yana rataye da na bayansa. Sai an tattara labari, an fassara na Turanci, an karanta wasiƙun masu karatu an zaɓi na bugawa. Sai Edita ya rubuta nasa sharhin. Sa'an nan masu jera baƙaƙe su jera, a yi bugun gwaji, a duba kurakurai, har da ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ waɗanda a lokacin sababbi ne ga masu ɗab'i, a gyara, a buga, a naɗe, a ƙirga, a ɗaure. A shekarun farko ma Hukumar ba ta da gidan ɗab'i nata, sai an kai rubutun wani gari an bugo. Bayan duk wannan ga jirgin ƙasa. Zariya mahaɗa ce, hanya ɗaya ta nufi Kano, ɗaya Kaduna har Ikko, ɗaya Gusau da Ƙaurar Namoda, ga kuma ƙaramar hanyar Jos ta wancan zamani. Jirgi ba ya jiran Edita. In rubutu ya yi lattin yini ɗaya a teburinsa, mai jera baƙaƙe ya zauna hannu sake ana biyansa, ɗaurin jarida ya rasa jirgi, malami a Sakkwato ko Yola ya yi ta leƙa gidan waya a banza. Wanda ke bakin igiya shi ne ba shi da damar jinkiri, Imam kuwa shi ne a bakinta har shekara 12.

Jaridar ba ta cika shekara ba Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, a watan Satumba 1939. Takarda ta yi wuya, labari kuwa ya yi yawa. 'Yan Arewa suka tafi yaƙi Habasha, daga baya Bama, iyayensu da matansu suna gida suna jiran a karanta musu abin da ke faruwa. A irin wannan hali labarin gaskiya in ya makara, ƙarya ta riga shi shiga kasuwa, ita kuwa ba ta bukatar inji ko jirgi. Nan ne a ke gane tsare lokaci a gidan jarida ya wuce zancen riba.

A 1943 aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma su takwas zuwa Ingila, yaƙi yana ci, Imam ne kaɗai daga Arewa. Cikinsu akwai Nnamdi Azikiwe, wanda ya shirya takarda yana neman a yanka wa ƙasashen nan lokacin samun mulkin kai, shekara 15. Imam bai sa hannu ba. Mutane sun saɓa a kan wannan, har yau waɗansu suna ganin ya yi nawa, waɗansu suna ganin ya san Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin zamani da za su riƙe ofisoshi. Ko wane ɓangare mutum ya bi, ba zai ce ya je ya dawo hannu banza ba. Ya gana da Lord Lugard, ya rubuta masa dogayen wasiƙu a kan abin da ke damun Arewa game da mulkin En'e da ilmi, da ya komo kuma ya mai da tafiyar littafi, Tafiya Mabuɗin Ilmi, tun abin da ya gani bai dushe a zuciyarsa ba. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada, da injunansa da ma'aikatansa, Dakta East yana shugabanta. Tudun Wada unguwa ce da ta tashi bayan ganuwar birni a zamanin Turawa, mazaunin baƙi 'yan Arewa, akawuna da malamai da masu sana'a, saboda haka ta dace da irin wannan aiki. Yanzu ofishin Edita da gidan ɗab'i suka zama wuri guda, kwanakin da a ke ɓatawa a hanya suka ragu. Amma wanda ya sami sauƙin hanya kaya a kan ƙara masa. Jaridar ta riƙa fitowa a kai a kai fiye da dā, a 1948 kuma kamfanin ya fara buga ta Turanci, Nigerian Citizen, ga littattafan makaranta suna jiran inji ɗaya. A gidan nan samari irin su Malam Nuhu Bamalli suka yi aiki tare da shi, kuma nan ne ɗaya daga cikin wuraren da zancen kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa ya yi ƙarfi.

Siyasa ta ja shi kamar yadda ta ja da yawa daga cikin waɗanda suka fita Kwalejin Katsina. A farkon shekarun 1950 ya shiga majalisa, yana zuwa Kaduna, yana zuwa Ikko. A 1953 ya yi aikin hajji, ya ga wahalar da alhazan Nijeriya ke sha, ya kawo maganar a kula da su gaban hukuma. Amma bai daɗe a fagen siyasa ba. Abokan karatunsa suka ci gaba suka zama ministoci, shi ya janye ya koma wajen littattafai da aikin hukuma. Waɗansu za su ce ya yi asara. Ni dai na lura yini ɗaya ba ya ɗaukar zaman majalisa da yawon neman ƙuri'a da rubutun littafi gaba ɗaya, kuma mutumin da ya taɓa gama littafi uku cikin wata shida ya fi kowa sanin abin da yini ke iya ɗauka. Ba a gudu ana susar baya.

Sauran aikinsa sai mu taƙaita. Ya yi aiki da Hukumar NORLA mai buga littattafan yaƙi da jahilci. Ya zauna cikin hukumar ɗaukar ma'aikatan Gwamnatin Arewa, a lokacin da a ke gaggawar samun 'yan ƙasa da za su karɓi ofisoshin Turawa. Da aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya a 1966, yana cikin shugabanninsa na farko. Daga baya ya riƙe ofishin sauraron koke-koken jama'a. Cikin duk wannan bai ajiye alƙalami ba, ya rubuta littattafai a kan tarihin Musulunci da aikin hajji.

Ya rasu a 1981, yana da shekara 70. Ya bar rubutaccen labarin rayuwarsa da Turanci, Malam Abdurrahman Mora ya shirya shi, aka buga a Zariya a 1989. Littattafai ukun nan na wata shida kuwa, an yi ta sake bugunsu, jikokin waɗanda suka fara karanta su a 1937 su ma da su suka koyi karatun Hausa.