Ibnu Nafis, likitan da ya gano hanyar jini cikin huhu

Yara, kowane mutum yana numfashi dare da rana, ko yana barci ko yana farke. Mutum zai iya kwana biyu bai ci abinci ba, amma in numfashinsa ya tsaya na ƴan mintoci, sai ya mutu. To, ina iskar da muke shaƙa take zuwa? Mi take yi cikin jikinmu? Likitoci sun daɗe ba su san amsar ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya ta ilimi shi ne Ibnu Nafis.

Sunansa na yanka Aliyu. An haife shi wajen shekarar 1213 kusa da birnin Dimashƙa, a ƙasar Sham, wadda yau ake kira Siriya. Ya fara da karatun Alƙur'ani, da Larabci, da fiƙihu. Daga baya ya shiga babban asibitin Nuri na Dimashƙa don ya koyi aikin likita. Malaminsa shi ne Addakwar, sanannen likita na zamanin. A can ɗalibai suna karanta littattafai, kuma suna bin malaminsu wajen duba marasa lafiya.

Wajen shekarar 1236 ya yi ƙaura zuwa Alƙahira, babban birnin Masar. Ya yi aiki a asibiti, ya koyar da ɗalibai, har ya zama shugaban likitoci. Ban da wannan, yana karantar da fiƙihu bisa mazhabar Shafi'i. Masu tarihi sun ce in zai yi rubutu, sai a fiƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye. Ya juya fuskarsa ga bango, ya yi ta rubutawa da ka, ba tare da ya duba wani littafi ba. In alƙalami ya dakushe, sai ya ajiye shi ya ɗauki wani.

A wancan zamani, likitoci suna bin koyarwar wani tsohon likita Bagirke mai suna Jalinus, wanda ya rasu fiye da shekara dubu kafin nan. Jalinus ya san cewa akwai bango tsakanin gefen dama da gefen hagu na zuciya. Amma ya koyar da cewa bangon yana da ƴan ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, kuma ta nan jini yake ƙetarawa daga dama zuwa hagu. Babu wanda ya taɓa ganin ƙofofin nan, duk da haka kowa ya yarda. Har babban malami Ibnu Sina ya bi wannan ra'ayi cikin littafinsa Alƙanun.

A shekarar 1242, yana da kamar shekara 29, Ibnu Nafis ya rubuta sharhi a kan sashen Alƙanun da yake bayanin gaɓoɓin jiki. Cikinsa ya nuna cewa bangon zuciya mai kauri ne, ba shi da ƙofa ko ɗaya, ta fili ko ta ɓoye. To, in babu ƙofa, ta ina jini zai bi? Sai ya yi bayani: jini yana fita daga gefen dama na zuciya ta wata babbar jijiya, ya tafi huhu. A can yake bazuwa, ya haɗu da iska. Sannan ya dawo ta wata jijiya zuwa gefen hagu na zuciya. Ya kuma ce lalle akwai ƴan hanyoyi cikin huhu masu haɗa jijiyoyin nan biyu. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne matashi ya gyara maganar manyan malamai. Ibnu Nafis yana girmama su, yana karanta littattafansu, amma bai yarda ya bi su inda suka yi kuskure ba.

Ilimin yau ya gaskata shi, ya kuma ƙara bayani. Iska tana shiga ta hanci, inda gashi da majina suke tare ƙura. Ta bi maƙogwaro ta sauka ƙirji. Nan bututun yake rabuwa biyu, ɗaya zuwa huhun dama, ɗaya zuwa na hagu. Kowane yana ta rabuwa kamar rassan itace, har ya ƙare ga ƴan jakunkunan iska, miliyoyi da yawa. Siraran jijiyoyin jini sun kewaye kowace jaka. A nan jini yake ɗaukar iska mai amfani, wadda ake ce ma oxygène da Faransanci, ya zubar da gurɓatacciyar iska, wato gaz carbonique. Jinin da ya zo huhu da duhun launi, sai ya koma zuciya ja jawur, ita kuma ta tura shi ko'ina cikin jiki. Wata tsoka mai faɗi da ta raba ƙirji da ciki ita take sauka tana hawa don iska ta shiga ta fita. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 cikin minti ɗaya in yana hutawa. Ran Babbar Salla, in an feɗe rago, ku dubi huhunsa da zuciyarsa, za ku ga jijiyoyin da suka haɗa su.

Ibnu Nafis ya rubuta littattafai da yawa. Mafi girma shi ne Asshamil, wanda ya yi niyyar ya kai juzu'i 300, amma 80 ya samu ya kammala. Ya rasu a Alƙahira ran 17 ga Disamba 1288. Ya bar gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri, don ɗalibai da marasa lafiya su amfana.

A ƙasashen Turai, sai a 1553 Michel Servet ya yi irin wannan bayani. A 1628 William Harvey, likitan Ingila, ya nuna yadda jini yake kewaya jiki duka. A 1661 Malpighi na Italiya ya ga ƴan hanyoyin nan na cikin huhun kwaɗo, da madubi mai girmama ƙananan abubuwa. Wannan bayani na Ibnu Nafis bai shahara a Turai ba, sai a 1924, da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin Attatawi, ya fito da bayanin tsohon littafin da ya samu a wani ɗakin ajiyar littattafai na Barlin, a Jamus. Daga nan duniya ta san cewa ya riga Servet da fiye da shekara 300.

Tambayoyi

1. A ina Ibnu Nafis ya koyi aikin likita?
2. Mi Jalinus ya koyar game da bangon zuciya?
3. Ku faɗi hanyar da jini yake bi daga gefen dama na zuciya zuwa na hagu.
4. Ku ƙirga numfashinku cikin minti ɗaya kuna zaune, ku sake ƙirgawa bayan kun yi gudu. Mi kuka lura?