Tarihin Wild Bill Hickok, Ba'amurken da Aka Cika wa Labari Gishiri

An haifi James Butler Hickok, wanda ake wa laƙabi da Wild Bill, a jihar Illinois ta Amurka cikin shekarar 1837 ta Miladiyya. Ya yi tuƙin keken kaya, ya yi wa rundunar Arewa leƙen asiri a yaƙin basasarsu, daga bisani ya zama shugaban 'yan doka a Abilene, zangon fataken shanu a jihar Kansas. Gwanin harbi ne, babu musu. Sai dai abin da ake faɗi a kansa ya ninka abin da ya aikata.

Asalin shahararsa wata husuma ce a zangon Rock Creek cikin 1861. Mutum uku suka mutu, kuma ba shi kaɗai aka gurfanar gaban alƙali ba. Su uku ne, aka sallame su. Amma cikin 1867 mujallar Harper's ta buga cewa shi kaɗai ya gama da mutum goma. To, wa ya ba marubucin wannan labari? Hickok da kansa da abokan hirarsa. Ruwayar da isnadinta ya tsaya ga mai yabon kansa kuwa, ko ɗalibi ya san matsayinta. A shekarar nan dai ya gaya wa Henry Stanley, wanda daga baya ya ratsa ƙasar Kwango, cewa ya kashe fiye da ɗari. Masu bincike da suka bi takardun shari'a da jaridun zamanin, ban da na fagen yaƙi, ba su samu ko goma ba.

Haka faɗan mashayar garin Hays cikin Yuli 1870. Soja biyu suka far masa, ɗaya ya danne shi ƙasa, ɗaya ya ɗora masa libarba a kunne, ba ta tashi ba. Hickok ya harbi guda a gwiwa, ɗayan ya cika washegari, shi kuma ya bar gari. Ƙaddara ta kuɓutar da shi, amma da labarin ya shiga bakin mashaya da masu littattafan kwabo, soja biyu suka koma runduna.

Wanda ba a cika faɗi ba shi ne na 1871 a Abilene, inda cikin ruɗani ya harbe amininsa Mike Williams. Ba a daɗe ba aka sallame shi daga aiki.

Ran 2 ga Agusta 1876 yana karta a wata mashaya ta Deadwood, ya ba ƙofa baya, Jack McCall ya harbe shi a ƙeya. Shekarunsa 39. An rataye McCall cikin 1877.