Lawrence Welk: Ba'amurken Da Harshensa Bai Bar Ƙauye Ba

A matsayina na mai nazarin harshe, lafazin Lawrence Welk ne ya fara jan hankalina kafin kiɗansa. Duk wanda ya saurari tsofaffin shirye-shiryensa zai rantse baƙo ne da ya sauka daga jirgi, alhali a Amurka aka haife shi, ran 11 ga Maris 1903, a wata gona kusa da ƙauyen Strasburg a jihar Dakota ta Arewa.

Sai an koma baya kafin a gane dalili. Kakanninsa masu magana da Jamusanci ne daga yankin Alsas, cikin manoman da suka amsa gayyatar sarakunan Rasha suka zauna kusa da Odesa, a ƙasar Yukiren ta yau. Suka shafe shekaru fiye da 80 a can, a ƙauyukansu, da cocinsu da makarantunsu, ba su saki harshensu ba. Da gwamnatin Rasha ta janye gatan da ta ba su a 1871, ta kuma fara ɗibar 'ya'yansu aikin soja a 1874, sai hankalinsu ya koma Amurka, inda doka ke ba manomi eka 160. Iyayensa, Ludwig da Christina, sun iso a farkon shekarun 1890. Filin da suka tarar fetal yake, ba itacen gini, don haka da ƙasa aka gina gidan da aka haife shi a ciki.

Jamusanci ne harshen gida da na maƙwabta. Ciwon ciki mai tsanani ya raba yaron da makaranta yana aji huɗu. Daga baya ya roƙi mahaifinsa ya saya masa akodiyan na dala 400, wato abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙeri, bisa alkawarin zai yi masa noma har ya cika shekara 21. Ya cika alkawari, ya bar gona a 1924, Turancinsa kuwa sai a hankali.

Daga wuraren rawa na ƙananan garuruwa ya kai gidan rediyon WNAX a Yankton, daga nan sai talabijin: tashar ABC ta watsa shirinsa daga 1955 zuwa 1971, ya ci gaba a wasu tashoshi har 1982. Masu sharhi sun yi ta yi wa kiɗansa da lafazinsa ba'a. A ganina sun yi kuskuren lissafi, domin dattawan karkara da suka riƙe shirin muryar gida suke ji.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, harshen da ya jure zaman Rasha bai jure Amurka ba. Yaƙin duniya biyu sun mai da Jamusanci abin zargi, makaranta da rediyo suka ƙarasa aikin, jikoki suka tashi da Turanci kawai. Welk ya rasu ran 17 ga Mayu 1992 a Santa Monika. A 2015 jihar ta sayi gidan gonar iyayensa ta mai da shi wurin tarihi.