Tarihin Marigayi Ibrahim Narambaɗa Tubali

A ci gaba da kawo muku tarihin mashahuran mutanen da wannan jiha ta haifa, yau mun leƙa garin Tubali da ke ƙaramar hukumar Shinkafi, mahaifar makaɗa Ibrahim Narambaɗa.

An haife shi ne wajen ƙarshen ƙarni na 19. Sunan mahaifinsa Maidangwale, mahaifiyarsa kuwa Riba, mutuniyar Badarawa, kuma ta wajenta ya gaji kiɗa, domin gidansu gidan makaɗan kotso ne. Kamar yadda magabata suka bayyana, laƙabin Narambaɗa ya samo asali ne daga wata karyarsa mai suna Rambaɗa.

Ya fara da kiɗan noma, yana zuga manoma a gonakin gayya. Daga nan sunansa ya kai fadar Isa, inda ya zama makaɗin Sarkin Gobir Ahmadu Bawa, wanda ya yi sarauta daga 1935 zuwa 1975. A wannan fada ce ya shafe mafi yawan rayuwarsa ta waƙa.

Kotso ganga ce mai baki ɗaya, ana rataya ta a kafaɗa, a kaɗa da hannu, a matse tsarkiyarta domin sauya amo. Da ita Narambaɗa da 'yan amshinsa suke wasa ubangidansu, su ambaci kakanninsa, su yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici. Bai tsaya ga yabo kawai ba. Waƙoƙinsa cike suke da karin magana da gargaɗi kan haƙuri, gaskiya da riƙon talakawa. Waƙarsa Bakandamiya ita ce ta fi shahara, har sunanta ya zama abin da ake kiran fitacciyar waƙar kowane mawaƙi.

Allah ya yi masa rasuwa a farkon shekarun 1960. Ko da yake Isa ta kasance cikin jihar Sakkwato bayan ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, mahaifarsa tana wajenmu. Masana sun yi ta nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i, ciki har da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza da ya rubuta littafi sukutum a kansa.

Sai dai dattawan da suka gan shi da idonsu suna ta ƙarewa. Don haka muna kira ga hakimai, dagatai da jami'an al'adu na Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda da su nemi irin waɗannan dattawa, a naɗi bayanansu, a kuma tattara tsofaffin kaset-kaset tun kafin su lalace.

Allah ya jiƙansa da rahama, amin.