Ferdinand Braun: Malamin Jami'a da Wayar Iska

An haifi Karl Ferdinand Braun a garin Fulda na ƙasar Jamus ranar 6 ga watan Yuni, 1850. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Berlin a 1872, ya koyar a wurare da dama, kafin a naɗa shi shugaban sashen kimiyyar fiziks na Jami'ar Strasbourg a 1895. A can ne, a 1897, ya ƙera bututun gilashin da daga baya ya zama allon akwatin talabijin.

A lokacin, wayar iska tana jaririya. Na'urar da Marconi ɗan Italiya ya ƙera tana aika saƙo ba tare da waya ba, amma saƙon ba ya cin dogon zango. Braun ya gano dalili. Sai ya raba sashen da ke haifar da tartsatsin lantarki da eriyar da ke watsa saƙon, ƙarfin na'urar ya ƙaru. A 1900 aka aika saƙo daga Cuxhaven zuwa tsibirin Helgoland, tafiyar kilomita 62 a kan teku.

Braun bai bar binciken nasa ya kwana a ɗakin gwaji ba. Ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirarsa, ya haɗa gwiwa da 'yan kasuwa. A 1903 aka haɗe kamfanin da ke amfani da fasaharsa da wani kamfani, aka sami Telefunken, babban abokin hamayyar kamfanin Marconi. A 1905 kuma ya nuna yadda za a haɗa eriya uku su tura saƙo wajen da ake so, dabarar da na'urorin Wi-Fi da wayoyin salula ke cin gajiyarta a yau. A 1909 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Marconi.

Sai dai kasuwa tana da nata rikicin. Ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Braun ya tafi Amurka domin ba da shaida a shari'ar haƙƙin ƙirƙira da kamfanin Marconi ya shigar kan tashar Jamusawa ta Sayville. Yaƙi ya hana shi komawa gida, musamman bayan Amurka ta shiga faɗan a 1917. Ya rasu a Brooklyn ranar 20 ga Afrilu, 1918, yana da shekara 67.