Charles de Foucauld: Attajirin sojan Faransa da ya ƙare rayuwarsa cikin ibada a tsakiyar Abzinawa

Cikin mutanen da Cocin Katolika ke kira waliyyai, da wuya a samu wanda tarihinsa ya sarƙe da na Musulmin Sahara kamar Charles de Foucauld. Shekara 15 ya yi a hamadar Aljeriya, babu Ba'abzine ko ɗaya da ya karɓi addininsa, kuma ya mutu ba shi da almajiri. Duk da haka, salon ibadarsa ya zama tafarkin da ƙungiyoyi da dama ke bi a yau.

An haife shi ranar 15 ga Satumba, 1858, a birnin Strasbourg na Faransa, a gidan masu asali da dukiya. Kafin ya cika shekara 6 iyayensa biyu suka rasu, kakansa na wajen uwa ya riƙe shi. Tun yana ɗan samari ya daina imani da Allah. A 1876 ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr, kuma da kakan ya rasu a 1878 sai gado mai tsoka ya faɗo hannunsa, ya shiga sharholiya. A makarantar sojan doki ta Saumur shi ne ya zo na 87 cikin ɗalibai 87. An tura shi Aljeriya, aka dakatar da shi a 1881 saboda ya ƙi rabuwa da wata farkarsa. An mayar da shi aiki, amma a 1882 ya ajiye kaki da kansa.

Daga Yunin 1883 zuwa Mayun 1884 ya ratsa Maroko, ƙasar da a lokacin Bature ke shiga a bakin ransa. Ya yi shigar malamin Yahudawa, yana auna hanyoyi da duwatsu yana rubutawa a ɓoye. Aikin ya jawo masa lambar zinare ta Ƙungiyar Nazarin Ƙasa ta Paris a 1885. Sai dai abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne Musulmin da ya gani suna ajiye komai su fuskanci alƙibla idan lokacin salla ya yi. Daga baya ya bayyana a wasiƙunsa cewa ganin wannan ne ya girgiza kafircinsa.

Da ya koma Paris, ya riƙa shiga coci yana roƙon Allah, in dai Yana nan, Ya sanar da shi kanSa. A ƙarshen Oktoban 1886 ya je wurin wani fada mai suna Henri Huvelin domin neman bayani. Fadan ya umarce shi ya durƙusa ya furta zunubansa, al'adar da Katolika ke bi wajen neman gafara. Daga nan rayuwarsa ta juya. A 1890 ya bar dukiyarsa ya shiga ƙungiyar Trappist, 'yan zuhudu masu yawan shiru da azumi da aikin hannu, inda ya zauna a gidansu na Akbes, a yankin Siriya ta wancan zamani. Ya ga talaucinsu bai kai yadda yake so ba, don haka a 1897 ya tafi Nazarat ya zama bara a gidan mata 'yan zuhudu, yana kwana a wata bukka. Burinsa shi ne ya kwaikwayi shekarun da Yesu ya yi a wannan gari yana sana'a ba tare da an san shi ba.

An naɗa shi fada ranar 9 ga Yuni, 1901, kuma a shekarar ya sauka a Beni Abbes. A can ya tarar ana riƙe da bayi a gaban idon hukumar Faransa. Ya rubuta wasiƙu masu zafi a kan haka, ya kuma fanshi kaɗan daga cikinsu. A 1905 ya nausa kudu zuwa Tamanrasset, wadda a lokacin gidajenta ba su wuce 20 ba, bisa amincewar sarkin Abzinawan Ahaggar, Musa ag Amastan.

Ibadarsa ba ta da ado. Yakan shafe sa'o'i a durƙushe, dare da rana, gaban gurasar da aka tsarkake, wadda Katolika suka yi imani cewa Yesu na cikinta. Yakan ja carbin Katolika, ya karanta Linjila ya rubuta abin da ya fahimta. Daga irin wannan rubutu ne aka ciro addu'ar miƙa wuya da ake dangantawa da shi. Ƙofarsa kuwa a buɗe take ga matafiyi da mara lafiya. Bai yi wa'azi a bainar jama'a ba, domin a ganinsa kyakkyawar mu'amala ce ya kamata ta yi magana.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a ƙarshen 1907. Dokar coci ta wancan lokaci ta hana fada gudanar da Misa shi kaɗai, shi kuwa ba Kirista kusa, har Kirsimeti ta wuce bai yi ba. Fari ya yi tsanani, ya rabar da abincinsa, ya kwanta ciwo a farkon 1908. Abzinawan ne suka bi rugage suna tattara nonon awaki suka ceto ransa. Wanda ya zo bayarwa ya koyi karɓa daga hannun maƙwabtansa Musulmi.

Sauran lokacinsa ya tafi ga harshensu. Ya tattara baitocin waƙoƙi kimanin 6,000, ya rubuta ƙamus mai shafi fiye da 2,000, wanda aka buga cikin juzu'i 4 a 1951 da 1952, kuma masana na amfani da shi har yanzu.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. Ya yarda da mulkin mallakar Faransa, abokin hafsa Henri Laperrine ne, kuma yakan aika wa sojoji labarin abin da ke gudana a yankin. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ruruta boren da ke da alaƙa da Sanusiyya, ya gina ganuwa domin mutanen gari, aka ajiye bindigogi a ciki. Ranar 1 ga Disamba, 1916, mahara suka yaudare shi ya buɗe ƙofa, suka ɗaure shi. Da wasu sojojin raƙuma biyu suka ɓullo, matashin da ke gadinsa ya firgita ya harbe shi. A cikin watan ne Kaosen ya yi wa barikin Faransa na Agadas ƙawanya, har sai da ɗauki ya zo daga Damagaram a Maris ɗin 1917.

Littafin tarihinsa da René Bazin ya wallafa a 1921 ne ya fito da sunansa. A 1933 aka kafa ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, ta mata kuma a 1939. Mambobinsu na zama a unguwannin talakawa, suna cin guminsu, suna ware lokacin addu'ar shiru kullum. Fafaroma Francis ya ayyana shi waliyyi ranar 15 ga Mayu, 2022, amma cocin bai sanya shi cikin shahidai ba. Kabarinsa na garin El Menia, a Aljeriya.